Ranar da Salulata Ta Riga Ni Zuwa Kance

Lokacin da nake tallar agogo da tabarau a Abijan, in mutum yana son ya gai da gida sai ya sayi kaset, ya ari rediyo, ya rufe ɗaki, ya yi gyaran murya kamar liman. Ka gai da tsoho, ka gai da tsohuwa, ka bi gwaggwanni da kawunnai ɗaya bayan ɗaya, in ka tsallake mutum guda ka sayi gabar shekara. Sai ka ba wani mai tafiya gida, kaset ya yi wata biyu cikin jakar goro kafin ya iso Matameye. Ran da ya iso kuwa a tsakar gida ake sa shi, maƙwabta su shigo da tabarminsu. Saboda haka kowa yana auna bakinsa. Ba wanda ke ba da labarin ciwon cikinsa a kaset.

Yanzu kuwa ga salula. Tun da ɗana ya aiko mini da irin mai shafawa, ya koya mini inda ake dannawa a yi magana a saki, na zama gidan rediyo mai zaman kansa. Na zauna Kumasi, na zauna Sabha, na yi shekaru a Jidda, bakina ya saba da harshe biyar, kuma duk wanda ya yi yawo irin nawa ya dawo gida, abin da yake nema shi ne kunne. Sai ga kunne ya zo mini a aljihu, ba ya gajiya, ba ya cewa zai je gona.

Wanda ya fi shan wahalata shi ne taubashina da ke Kance, ɗan kawuna. Rana ɗaya aka yi mana kaciya, malami ɗaya ya dake mu a makarantar allo. Ni na bi duniya, shi ya zauna, ya yi shekara da shekaru yana jan injin niƙa a bakin kasuwa har ya tsufa ya bar wa ’ya’ya. Kowace safiya bayan na sha kunu sai in aika masa saƙon murya. In gaya masa yadda Larabawa ke dafa shinkafa, yadda Asantawa ke yin jana’iza da kiɗa, abin da ya kamata a yi wa hanyar Ɗan Barto, da abin da ke damuna a jiki. Shi kuma ya maido mini ɗan hoton nan na hannu mai babban yatsa a miƙe. Ban taɓa damuwa ba. Dama tun muna yara magana tsada take yi masa.

Washegarin cika-ciki, lokacin da taubasai ke bin juna shara, ina zaune a benci ƙofar gida, na kai salula bakina kamar mai hura kunu, sai ga ƙanwarsa. Ita a nan Matameye take aure, tana soya ƙuli-ƙuli a bayan unguwarmu, kuma tun tana ’yar mitsitsiya take sace mini hula duk shekara sai na fanshe ta.

“Bawan gidanmu, an tashi lafiya?”

“Lafiya lau, uwar ɓarayi.” Na dafe hulata da hannun hagu, don na san halinta.

Ba ta ko dubi hular ba. Ta fizge salular daga hannun dama, ta cusa cikin ɗaurin zanenta, inda ko jandarma ba ya kai hannu.

Na yi dariya, na laluba aljihu. “To, faɗi kuɗinki, ki ba ni abina. Magana nake da yayanki.”

“Riƙe kuɗinka ka sayi goro. Motar farko mai zuwa Kance za ta tafi da ita wurin Yaya. In kana so, can za ka karɓa.”

“Hajiya, wasa ya yi wasa.”

“Yaushe rabonka da ganinsa?”

“Ko jiya mun gaisa.”

“Da ido nake tambaya.”

Na shiga lissafi. Rabona da shi tun sunan jikarsa, yarinyar da yanzu, in ji su, har ana aiken ta sayen magi. Damina uku ke nan. Kance kuwa in ka hau mota daga nan, ba ka gama tauna goro ɗaya ka iso.

Ta ce, “Yaya ya hana a ambaci sunanka a gidansa. Ya ce ran da ya mutu kada kowa ya taka ya zo ya gaya maka. A aiko maka a salula, ka yi masa salla a ciki.”

Na jira ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta gyara mayafi ta nufi tasha.

Da farko girman kai ya hana ni tashi. Na ce ni da na ƙetare hamada a bayan babbar mota, ba mai ƙuli-ƙuli da za ta kora ni Kance kamar akuya. Na ce bari in kira shi in ji laifin da na yi masa. Na sa hannu a aljihu. Na shiga gida in ari ta uwargidana, ta miƙo mini, na tsaya ina kallon abin. Lambarsa fa? Ban sani ba. Ta ɗana ma ban sani ba. Ta matar da ke tsaye a gabana, ita ma ban sani ba. Ni da a da nake riƙe da farashin agogo ɗari a kaina, da sefa, da sidi, da riyal.

Uwargidan ta ce, “Alhaji, yau gidan ya yi tsit. Har na ji kukan kurciya.”

Kafin hantsi na sa hannu a aljihun nan ya fi sau ashirin. Har cinyata na ji tana rawa kamar ana kirana a salula, alhali ba kome a wurin sai tasbaha. Na taɓa ɓatar da fasfo a Jidda, na yi mako ina ɓuya a ɗakin wani tela, amma ban tuna na yi ta shafa jikina haka ba. A ƙarƙashin duk wannan kuma maganar tana nan tana cina: a hana ambaton sunana a gidan ɗan kawuna. Mutanen da suka san ni tun ba ni da wando sun ƙare, saura shi.

Na ɗauki sanda na tafi tasha. Motar farko ta daɗe da tashi, ta biyu tana jiran mutum huɗu. Na zauna ina kallon jama’a, tun da ba ni da abin kallo. Duk wanda ke kan bencin ya sunkuyar da kai, yatsa na motsi, sai ka ce an yi sahu ana tahiya. ’Yan kabu-kabu a kan baburansu haka, mai shayi haka, har direban. Na taɓa ganin irin wannan a jirgin ƙasa a ƙasar waje na yi ta yi musu dariya, na ce mutanen nan ba su da dangi. Na ɗaga kai na ga ashe an sare itacen bedin da ke bakin tashar, an gina shaguna a gurbinsa, har fentinsu ya koɗe. Kullum ta nan nake bi zuwa masallaci.

Gab da azahar na isa Kance. Taubashina yana zaune a zaure, ya ba ƙofa baya, yana tufka igiya a cinyarsa. Ya rame, ƙeyarsa ta yi fari fat. Na yi sallama. Bai juyo ba. Na ƙara, da ƙarfi. Na yi ta uku da irin muryar da nake kiran mai saye a kasuwar Kumasi. Hannunsa bai ko tsaya ba. Na ce fushin har ya kai a ƙi amsa sallama.

Sai matarsa ta leƙo daga cikin gida, hannunta duk gari.

“A’a, Alhaji! Lale marhabin. Yau mutanen Makka ne a garin namu? Ya gida, ya iyali? Ya basir ɗin?”

Na ce, “Na’am?”

“Basir ɗin. Sassaƙen da mutumin Icirnawa ya ba ka ya yi aiki? Ka ce ranar Talata ko zama ba ka iya yi sai a gefe ɗaya.”

Wannan magana mutum ɗaya na gaya wa a duniya. Na dubi bayan taubashina, na ce, “Ashe abin da kake yi ke nan? Kana raba sirrina a cikin gida?”

Ta ce, “Ba ya jin ka. Kunnen ya tafi, Alhaji. Tun bayan sunan nan ya fara, likita ya ce injin ne ya ci shi a hankali. Bara waccan ya rufe gaba ɗaya. Ko aradu ta faɗi sai dai ya ga haske.”

Na jingina da bango.

“To saƙonnina fa?”

“Ni nake saurara. Ina tankaɗe ina ji, ina wanke-wanke ina ji. Wasu har sai na ɗora tukunya na sauke ba ka gama ba. In ka gama in danna maka yatsan.”

“Duka?”

“Duka. Har wanda ka ce miyar kukata in aka zuba wa jaki zai nemi ruwa ya kurkure baki. Da wanda ka ce muryata ta isa a kira salla da ita a Ɗan Barto daga nan.”

Na ce, “Hajiya, wannan ai wasa ne tsakanin maza.”

“Na sani. Shi ya sa na ba ka yatsa biyu ranar.”

Na tambaye ta, to, me take gaya masa na faɗa. Ta ɗaga hannu ta haɗa yatsu huɗu da babban yatsa, ta buɗe ta rufe, ta buɗe ta rufe, kamar bakin agwagwa. Ke nan. Shekara biyu na hikima, da Larabci da Faransanci da karin maganar Asantawa, abin da ya isa wurinsa ke nan.

“Me ya hana ku gaya mini?”

“Shi ya hana. Ya ce in kana son ka sani, ka zo ka gani. Mun yi ta jira.”

Na tuɓe takalmi na zagaya gabansa na durƙusa. Ya ɗago ido ya dube ni, ya mai da kai ga igiyarsa. Ya ƙarasa tufkar, ya ƙulle bakinta, bai yi sauri ba ko kaɗan. Sannan ya yi magana, da irin ƙarfin muryar wanda ba ya jin kansa, har masu wucewa a titi suka waiwayo.

“Wane ne wannan tsohon? Ku ba shi sadaka ya wuce.”

Harshe biyar a bakina, ba ko ɗaya da zai shiga. Na dubi ƙasan zauren, yashi ne mai laushi. Na share wuri da tafin hannu, na sa yatsa na rubuta da ajami, yadda aka koya mana muna zaune gwiwa da gwiwa: ka yafe mini.

Ya sunkuya ya daɗe yana dubawa.

“Har yanzu rubutunka kamar kaza ta bi ta kan laka! Malam ya yi asarar bulalarsa.”

Ya share da ƙafa. Ya ɗaga cinyarsa, sai ga salulata a ƙarƙashi, a kan tabarma.

“Abin nan naka tun safe yake rawa kamar mai bori. Shi kaɗai ne maganarka da na taɓa ji.” Ya mai da cinyar a kai. “Kunnena ne ya toshe. Ƙofar gidana ba ta toshe ba. Da na makance ma, hoto za ka riƙa aiko mini?”

Na zauna. Muka yi shiru, irin shirun da ban yi ba tun da na dawo daga Jidda. Da aka kira azahar na taɓa gwiwarsa na nuna masa sama, muka yi alwala da buta ɗaya, muka yi salla a nan zauren. Da muka sallame ya juya wajen cikin gida ya daka tsawa:

“Kawo furar nan! Ludayi biyu!”

Muna sha yana magana, ni ina rubutu a ƙasa. Mutumin da na sani da tsadar baki, ashe ya tara ta shekara uku. Ya gaya mini yadda abin ya fara, kamar ƙudan zuma a kai. Yadda ya daina zuwa majalisa saboda ya gaji da yin dariya in ya ga ana dariya. Yadda yake gane an kira salla in ya ga tantabaru sun tashi daga kan masallaci. Ni kuwa rubutu a yashi ya koya mini abin da ba wanda ya iya koya mini: in gajarta. In na fara dogon bayani sai yatsana ya gaji, shi kuma ya share tun ban kai rabi ba, ya ce, “Wa’azi ya isa.”

Bayan la’asar ya ciro salular ya miƙo mini, da ɗumin cinyarsa a jikinta. Da na kai hannu sai ya cire hulata da ɗaya hannun ya ɗora a kansa, a kan tasa.

“Salula sharar ƙanwata ce. Hular nan tawa. Ka zo mako mai zuwa ka fanshe ta.”

Haka na hau mota kai ba hula, tsoho da furfura, mutane na kallona. A hanya na buɗe abin in ga duniyar da ta rushe saboda rashina. Gaisuwar safiya mai furanni, hoton wani rago mai ƙaho huɗu, da wani malami yana faɗa da wani malami. Ba wanda ya tambayi inda na shiga.

Salula tana nan, ban yar da ita ba, kuma ban zama waliyyi ba. Har gobe ina damun ɗana da surukaina da ita. Amma tun daga ranar ban ƙara aika saƙo Kance ba. Kowace Laraba ina hawa mota in je da kaina, in zauna a zauren nan daga hantsi zuwa la’asar, shi yana magana, ni ina saurare.