Tsuntsayen Katakon Alhusseini

Arlit zuwa Agadas

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba muka bar Arlit, ni da Alhusseini, makiyayin da fari ya cinye wa garke. Ni kuma kamfanin yuraniyom ya rage ma'aikata har da ni. Tsohon maigidana ne ya samo mana aikin jibga yashi a wani tsibirin Senegal. Saboda tawaye sai da rakiyar soja, kilomita ɗari biyu da arba'in suka ci mana yini. A shinge jandarma ya tambayi inda muka nufa.

"Ceton tsuntsayen teku," na ce.

Ya dubi rairayi gabas da yamma, ya miƙo takarduna. "Allah ya ba ku lafiya."

Yamai, Bamako, bakin teku

Kwana shida muna sauya mota, burodi da sardin har suka gundure ni. A kwalekwale na rufe ido ina salati, Alhusseini na yi mini dariya.

Tsibirin

Fatu, mai kula da wurin, ta nuna mana matsalar. Teku na ƙara hawa, duk shekara tana kwashe ƙwan tsuntsayen. Sati uku muna tara musu tudu don su yi ƙwai a sama, amma da tsuntsayen suka iso sai suka dinga sauka a tsohon wurinsu na ƙasa. Saura kwana tara babbar cikar ruwa. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Alhusseini ya ajiye butar shayi. "Malam Sani, raƙuma in ɗanta ya mutu, ba ta ba da nono. Sai mu cusa ciyawa cikin fatar ɗan, mu aje gabanta. Ta sansana, nono ya zo. Tsuntsu ma ido gare shi."

Ya sassaƙa tsuntsaye da itacen da ruwa ya kawo, Fatu ta shafa musu fari, kai baƙi, muka jera bisa tudu. Rana ta huɗu wani tsuntsu ya sauka da kifi a baki, yana ta miƙa wa katako. Kafin azahar tudu ya yi fari fat da tsuntsaye. Ruwa ya zo ya shanye tsohon wurin, ƙwai na sama ko jiƙewa ba su yi ba.

Gida

Da la'asar ranar Laraba muka shigo Arlit. Tsohuwar Alhusseini ko tekun ba ta tambaya ba.

"Sun haihu?"

"Sun ƙyanƙyashe, Inna."

"To, kiwo ya yi," ta ce.

Allah mun gode da ya kai mu, ya dawo da mu lafiya.