Tikitin Baba a Guruf ɗin Dangi

Shekara goma ƙanena yana buga ƙwallo, Babanmu bai taɓa zuwa kallonsa ba. Masunci ne a Yauri, kuma a wurinsa duk namijin da ya bar ruwa ya bi fatar da aka hura wa iska, ya lalace. Sai ga shi da aka ce ƙungiyar yaron ta kai wasan ƙarshe a Birnin Kebbi, yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi, ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Ki nemo min wuri, in tahi in gani."

Wallahi saura kaɗan in saki kwanon da ke hannuna.

Tikiti kuwa ya ƙare ƙaf. Na yini a intanet har na samu wani da ya saya ya fasa zuwa. Guda ɗaya tak gare shi. Na biya, ya turo min hoto, wani ɗan zane baƙi da fari kamar kashin kaji, wai shi ake haskawa a ƙofa.

A gidanmu ba a ɓoye alheri. Ko injin jirgi aka saya sai dangi sun gani sun sa albarka. Ni uwar rawar kai, sai na tura hoton guruf ɗin dangi, na rubuta cewa na Baba ne. Na manta rabin mutanenmu ba sa karatun boko, hoto kawai suke kallo.

Ranar wasa na raka Baba har ƙofa, ya sha babbar rigarsa ta Juma'a. Mai gadi ya haska wayata, na'ura ta kawo ja. Ya ce, "Hajiya, an riga an shiga da wannan."

Innalillahi! Nan take na kira mai sayarwa na wanke shi tas, ɓarawo, macuci, babu abin da ban ce ba. Bawan Allah yana ta rantsuwa. Ina kashewa sai ga kiran Kawu, ƙanin Inna, mai tuƙa jirgi a Warra, murya cike da murna.

"Ɗiyata, kuna ina? Ni tun hantsi na shigo da katin gayyatar da kika turo! Sauran mutanen Warra ne aka hana, ban san mi ya sa ba."

Ashe ni na jawo. Katin biki haka yake zuwa a guruf, kuma a wurinmu kati ɗaya na gida duka ne.

Na ce Kawu ya fito. Mai gadi ya ce ko ya fito tikitin ya mutu. Na hau roƙo, na hau faɗa, har hawaye. Baba ya kama hannuna. "Bari. Ba a tada wanda ya zo da zumunci."

Muka zauna gindin dalbejiya a bayan katanga. Duk ihun da ya tashi sai Baba ya ɗaga kai ya dubi bangon.

Bayan an tashi yaron ya fito da gudu, gumi sharkaf, ya durƙusa gabansa. "Baba, ka ga wadda na ci?"

Baba ya dube shi ya ce, "Na ji dai ana kiran sunanka."