Kabarin da Muka Haƙa wa Fasto

Ko me zan manta a rayuwata, ban da ranar da muka haƙa wa Faston garinmu kabari. Har yau in na tuna, sai in rasa dariya zan yi ko kuka.

Ƙauyenmu yana gefen Furana, a ƙasar Ikara. Yawancinmu Musulmi ne manoma, sai 'yan gidajen Kirista a gabashin gari da ƙaramin cocinsu. Faston nan na kowa ne. In famfon burtsatse ya lalace shi ke kwance shi, in naƙuda ta zo wa mace da gardama shi ke nemo mota a kai ta asibiti. Amma abin da ya ɗaure ni da shi daban ne. Mahaifina ya rasu da bazara, ƙasa ta yi tauri, matasa sun tafi cin rani, mu uku kaɗai muke fama a maƙabarta. Sai ga dattijon nan da diga a kafaɗa, ya naɗe wando ya faɗa rami. Ran nan na yi wa kaina alkawari, in ya riga ni, ni zan haƙa nasa.

Wata Talata da damina, muna fitowa daga sallar asuba aka ce Fasto ya rasu. Ni da gaggawar tsiya, ban tambayi kowa ba. Na tara abokaina huɗu, muka ɗauki diga da shebur, sai bayan coci inda suke binne nasu. A tunanina kafin azahar za a kai shi, yadda muka saba. Muka haƙa shi tsaf irin namu, babban rami, da ɗan siririn rami a ciki daidai kwanciyar mutum ta gefe. Har itacen rufi muka saro.

Muka zauna gindin ɗorawa muna jira. Hantsi ya dubi ludayi, ba makara, ba alamarta, sai waƙa muke ji daga cikin gidan Fasto. Can sai mota ta fito ta miƙe hanyar Zariya. Muka dubi juna, babu wanda ya san abin da ake ciki.

Na daure na shiga wajen matarsa, wadda duk gari muke ce wa Mama. Na durƙusa, kalmar gaisuwar ma ta ɓace mini, don ban san irin addu'ar da suke yi ba. Na dai ce, “Mama, sannu da haƙuri. An gama kabari.”

Ta dubi taɓon da ke ƙafata, ta ce, “Wane kabari, ɗana?”

A hankali ta yi mini bayani. An kai shi ɗakin ajiye gawa a Zariya, sai 'ya'yansa sun hallara daga Legas da Jos, ranar Asabar ta sama, kuma a cikin akwati za a sa shi. Kaina ya ɗaure. Mutum ya yi kusan mako biyu bai kwanta a makwancinsa ba? Ga kunya kuma, kada su ɗauka ɗokin rabuwa da shi muke yi.

Na je wa limanminmu da maganar. Ya yi murmushi, ya ce tunda na haƙa ba da izini ba, kada kuma in cike ba da izini ba. Haka na koma mai gadin rami. Na rufe shi da tsohon kwano, amma ruwan Agusta ba ruwansa da kwano. Kullum da safe kafin in wuce gonar rake sai na kwashe ruwa da bokiti, in fitar da kwaɗi. Abokaina har tambayata suke ko kifi nake kiwo.

Da babban ɗansa ya iso da magina da bulo, ya leƙa ramin, ya ce cikin ladabi akwati ba zai shiga ba, za a haƙa sabo a gefensa. Na ga alkawarina ya tashi a banza, amma da wane baki zan yi magana? Ina tattara bokitina sai ga Mama tana dogara sanda.

Ta ce masa, “Ba za a haƙa wani ba. Babanku ya sha shiga ramin mutanen garin nan, yau sun shiga nasa. A faɗaɗa wannan.”

Ɗan ya cire takalmi ya karɓi shebur, muka rushe siririn ramin nan tare.

Ranar jana'iza muna can baya, ba mu san lokacin zama ko na tashi ba, in sun miƙe mu miƙe. Bayan iyalinsa sun zuba ƙasa, Mama ta sa aka miƙo mini shebur. A nan hawayen da na riƙe suka zubo.

Abin ya koya mini cewa ko alheri za ka yi wa maƙwabci, ka fara sanin yadda yake rayuwa. Mun zauna gari ɗaya tun ina goye. Ranar da ya shiga ramin mahaifina, babu wanda ya nuna masa yadda ake haƙa namu, ya riga ya sani. Ni kuwa ban taɓa tambayar yadda ake haƙa nasu ba sai da ya mutu.