Fankar Ƙarshen Layi

Jikana, ɗan babbar 'yata, tun yana rarrafe ba ya hawa kujera sai ya girgiza ta ya ji ko za ta ɗauke shi. A haka ya girma, siriri, da tabarau da ƙaton goshi. Da ya gama karatu ya samu aiki a kamfanin da ke da manyan fankokin nan na kan tudu, masu juyawa da iska suna ba da wutar lantarki. Ba hawa su yake yi ba, Allah ya tsare, mutumin da tsani ke sa wa jiri. Aikinsa ya zauna gaban kwamfuta ya faɗi shekarun da suka rage wa kowace fanka kafin ta gaji. Shi ya sa gida da waje ake ce masa Likita.

Na taɓa tambayarsa ko ƙarfe ma gajiya yake yi. Sai ya ɗauki cokalin shayina ya lanƙwasa gaba, ya lanƙwasa baya, ya yi ta yi har ya rabu biyu a hannunsa. Ya ce haka iska take yi wa fukafukan, kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru, ba a ganin komai sai ranar da abu ya ɓalle. Na ce na gane sarai, amma ai matarsa ma tana da cokula.

Fankokin sun tsufa, kamfani yana son ya san ko za a ci gaba da mora su. Aka liƙa na'urar awo a jikin guda ɗaya, ta gaban layi, wadda iska ke fara duka. Kowa ya ɗauka ita ta fi shan wuya, in ta tsira na bayanta sun tsira. A kanta Likita ya yi lissafi, ya sa hannu cewa layin gaba ɗaya zai ƙara shekaru masu yawa. Aka yi ta yi masa barka. Matarsa ta riƙa taku kamar ita ta sa hannun.

Bayan 'yan watanni aka tsayar da ta gaban don gyara. Don kada na'urar ta zauna a banza, masu hawa suka mayar da ita kan ta ƙarshen layi. Ranar da awon ya iso ina ofishinsa, domin ya kai ni asibitin ido ya ce in jira shi ya gama wani abu. Ɗaki ne mai sanyin tsiya, tebura a jere, wayoyi a ƙasa kamar an zubar da igiyoyin shanya. An ɗiga min magani, dishi-dishi nake gani, amma na ga ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Na ce mijin nawa, ko kai ma likitan idon za mu koma da kai? Bai yi dariya ba.

A mota ya faɗa min, murya ƙasa-ƙasa. Ta gaba iska mai santsi take samu. Ita ce ke yayyanka iskar ta watsa wa na baya a hargitse, don haka ta ƙarshe kullum cikin jijjiga take, ta fi kowacce tsufa. Shekarun da ya ba ta ba ta da su. Kuma ita ce a bakin titi, inda motocin makaranta ke bi safe da yamma, ga lokacin guguwa ya kusa.

Na ce to sai ya je ya faɗa. Ya ce sai ya sake lissafi, ƙila na'urar ce ta yi ƙarya.

Ya sake, ya sake, amsa ɗaya. Ya rame, ya dawo kamar tsintsiya a cikin riga. In iska ta buga tagar falo sai ya miƙe tsaye. Ya ce in ya janye sa hannunsa kamfani zai tsayar da rabin layi, kuma wa zai ƙara yarda da Likitan da ya auna mai lafiya ya sallami marar lafiya? Ni dai tsokanar ma ta fara fita raina, kuma ni in na yi shiru, 'yan gidan sun san abin ya kai.

Wata safiya matarsa ta ɗauki makullin mota za ta kai yaran makaranta. Ya biyo ta har ƙofa babu takalmi, ya ce ta bi ta zagaye, ta cikin gari. Ta ce wannan hanyar ai ninki biyu ce. Ya ce ko ninki goma ce. Ta tsaya ta kalle shi, domin ta san labarin duka.

"Mu ka hana mu bi," in ji ta. "'Ya'yan mutane fa, Baban yara?"

Ya koma ciki ya saka rigarsa a baibai, ni na juya masa ita.

Da ya dawo daga ofis ya ce manaja ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya tambaye shi sau biyu ko ya tabbata. Ya ce ya tabbata da kuskurensa na farko, shi kaɗai ya tabbata da shi. Kafin azahar aka tsayar da fankar. Masu hawa suka shiga cikin gindin fiffiken da fitila, suka tarar da tsaga, tsawon hannun babban mutum.

Ba su kore shi ba, amma yanzu duk abin da ya lissafa sai wani ya duba a bayansa, kuma an daina gaishe shi da fara'ar da. Akwai sauran na baya da ba a hau ba tukuna, na'urar kuma guda ɗaya ce, bi da bi ake kai ta. Jiya da iska ta taso na same shi a taga, shayi ya huce a hannunsa. Na ce ya zauna, tsayuwarsa ba za ta riƙe ƙarfe ba.

"Kaka, ta kusa da wadda aka tsayar har yanzu tana juyawa," ya ce.