Marka Mai Tinya ta Madarunfa

Haihuwa da asali

An haifi Marka a daminar shekarar 1948 a wani ƙauye na ƙasar Gabi. Mahaifinta Ɗogo maharbi ne daga cikin Anna masu bin addinin gargajiya, sunan mahaifiyarta kuwa Asabe. Ɗogo ne ya zo da tinya daga duwatsun kudu, wato tsiron nan mai kaurin rassa da ƙaya wanda maharba ke haɗa dafin kibiya da farin ruwansa. A duk karkarar babu gidan da tinya ta rayu sai nasa.

Tarbiyya

Marka ba ta shiga lakwal, wato makarantar boko, ba. A hannun mahaifinta ta koyi cewa reshen da aka yanko sai ya kwana goma a inuwa bakinsa ya bushe, sannan a dasa shi a kan tudun tsakuwa, domin ba abin da ke kashe tinya irin ruwan da ya kwanta a gindinta.

Aure da zuri'a

A shekarar 1966 aka ɗaura aurenta da Sule, wani manomi na Madarunfa, ta musulunta, ta tare da rassan tinya uku cikin kayan ɗakinta, ta dasa su a kan tudun tsakuwa a bayan ɗakin nata. Bayan rasuwar Ɗogo a 1974 gidansa ya zama kufai, aka sare tinyarsa, ta hannun Marka kaɗai ta saura. A 1981, tana fitar da akuyar maƙwabta daga cikin rassan, ruwan tinya ya fantsama mata a idon hagu, idon ya mutu. Maimakon jaje, waɗanda ta ceci akuyarsu ne suka fara yaɗa cewa ta ba da idon ne ga iskokin ubanta. Sule ya nemi a sare tsiron a huta da tsegumi, ta ƙi, ya haƙura. Duk damina takan ɗauko tsakuwa a ka ta ƙara tudun, har gindin tinya ya kai goma sha ɗaya.

Zuwan 'yan furoje

A watan Mayun 2017, shekara biyu da rasuwar Sule, wasu ma'aikatan wani furoje, wato shiri na kare tsirrai, suka zo da mota da takarda mai hatimi, suka ce irin wannan tsiro mai wuyar samu bai dace a bar shi a bayan ɗakin tsohuwa ba. Abin da ta yi shekara hamsin tana kiwo, shi suka tone cikin yini guda, ba su bar mata ko reshe ba. Da suna lodi ta ce wa shugabansu, "Ɗana, ku bar ta da ƙishinta, shi ne lafiyarta." Ya yi dariya ya ce, "Inna, wannan aikin masu ilimi ne."

Aka dasa su a wani lambu a Maraɗi cikin baƙar ƙasa da taki, ana yi musu ban ruwa safe da yamma kamar salati. A watan Satumba ɗanta Audu ya kai ta lambun, ta tarar duka sha ɗayan sun ruɓe sun faɗi. A allon da aka kafa an rubuta cewa masana ne suka gano tsiron a daji. Ko sunanta babu. Audu ya kai ƙorafi sau uku, a karo na ƙarshe aka ce masa furoje ya ƙare, ma'aikatan sun tafi.

Shekarun ƙarshe

Ta so ta aika kudu a samo mata wani reshen, amma rashin tsaro a hanya ya hana. Daga nan ta daina zuwa bayan ɗakin, ciyawa ta rufe tudun.

Rasuwa

Allah ya karɓi ranta ranar Laraba, 9 ga Maris 2022, bayan gajeriyar jinya, aka yi mata sutura aka binne ta bayan azahar a maƙabartar Madarunfa. Ta bar 'ya'ya huɗu, Audu da Ɗelu da Sama'ila da Maryama, da jikoki goma sha tara, waɗanda ƙananansu ba su taɓa ganin tinya da idonsu ba. Allah ya jiƙanta, ya kuma bi mata haƙƙinta.