Duwatsun Kabejin Gwaggo Walburga

Duk ƙauyenmu babu gidan da ba shi da dutsen Gwaggo Walburga. Tana budurwa ta tafi Munich koyon zane da sassaƙa, malaman suka ce mace ta tsaya ga zanen furanni, hannunta bai kai na dutse ba. Ta dawo gida jinyar mahaifinta, ta riƙa tsintar duwatsu a bakin kogi tana fitar da kawunan mutane daga cikinsu. Tana tafe tana magana da su, mu kuwa muna cewa ta ɗan taɓu.

Kowace amarya sai ta ba ta kai ɗaya. To, me za a yi da kan dutse? Nauyinsa daidai danne kabeji in an yanka an zuba gishiri a ganga. Nawa ma ban buɗe ƙunshin ba surukata ta sauka da shi ɗakin ƙasa, ta kifa fuskar a kan katakon murfin gangar. Shekara hamsin da ɗaya yana nan kife.

Gwaggo tana da shekara casa'in da uku, ido ya kusa tafiya, wata mata daga gidan tarihi ta ga zanenta a bayan wata tsohuwar kalanda, ta biyo sawu. Gwaggo abu ɗaya ta roƙa: a tara kawunan a cikin haske, a kalle su sau ɗaya tun tana da rai.

Ni na ƙi.

"Haba Gwaggo, a watan Oktoba? Kabejina ya ruɓe?"

"Ke Ottilie, tun kina yarinya bakinki ya fi kabejin tsami. Hau kan gangar ki zauna, ai kin fi dutsen nauyi."

Haka na kinkimo shi ina mita.

An jera su a zauren majami'a, kai arba'in da bakwai, rana na zubowa ta tagogi. Wurin duk ƙamshin kabeji. Mata suna ta zagayawa a hankali kamar masu tafiya cikin barci. Sai na ji wata ta ce, "Wayyo, ni ce!"

Na juya nawa na goge farin gishirin. Yarinya ce 'yar shekara sha tara, da kitso biyu, ta ɗan buɗe baki za ta yi gardama. Gishiri ya cinye mata kunci ɗaya. Wallahi kunya ta kama ni.

Gwaggo ta laluba dutsen da yatsunta, sannan ta laluba fuskata, ta daɗe a kan tamojin.

"Kada ki yi kuka," in ji ta. "Ita gishiri ya ci, ke shekaru. Har yanzu kuna kama."

Kabejin bana ya ruɓe. Yarinyar kuwa, ban mayar da ita ɗakin ƙasa ba.