Littafin Maƙabartar Ƙauyenmu

Ba na buɗe akwatin kaya ƙanshin kafur ya bugi hancina ban tuna kakata ba. Ita ce mai wankan gawar mata a ƙauyenmu, can bayan Zurmi. Tana da wata 'yar ƙwarya da ba mai taɓawa, a ciki take ajiye kafur da dakakken ganyen magarya. Duk ranar da muka ga ta sauko da ita daga rataye, mun san wani gida ya yi rashi, sai mu rage hayaniya ba tare da an tsawata mana ba.

Ka san kaburburanmu ba su da suna. Tudun ƙasa ne, sai ƙaya da ake rufawa saboda dabbobi, damina biyu ta isa ta shafe shi. Kakata ba ta taɓa taka maƙabarta ba, amma ta san makwancin kowa. Ƙaninta ne mai haƙa. Idan an dawo daga jana'iza, sai ya zo ƙofar ɗakinta da jar ƙasa har gwiwa, ta dama masa fura, shi kuma ya ce, "Mun sa ta gabas da kurna, kusa ga gwaggonta." Ta gyaɗa kai, shi ke nan ya zauna.

Ina aji shida, bayan an shigo da gero, muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida da hantsi, ta dube ni ta ce tunda bokon nan ya koya mini rubutu, in kawo littafi mu rubuta makwancin kowa. Mun shafe ranin nan muna yi. Ba ta ambaton sunan wasu saboda kunya, sai ta ce uwar wane, ni kuma in ruga in tambayo a maƙwabta. Abin da ya fi gajiyar da ni shi ne dokarta: kowane layi sai na rubuta bakin da aka ji shi. Wanda ta wanke da hannunta daban, wanda ƙaninta ya faɗa daban, wanda ta tsinta wurin uwarta daban. Na taɓa cewa takarda za ta ƙare. Ta ce, "Ta ƙare. Maganar da ba ta da mai ita, wa za a kama in ta yi ƙarya?"

Akwai wata baƙuwa a littafin. Matafiya ce daga wajen Jangeru, naƙuda ta kama ta a ƙauyenmu da tsakiyar damina, tun kafin a haife ni. Ta haifi namiji, ita ba ta tashi ba, dangin mijin suka tafi da jaririn. Ƙanin kakata ya ce a gindin tsamiya aka sa ta. Matar liman kuwa ta ce ruwa ya kwanta a wurin a shekarar, sai aka matsa wajen aduwa. Na tambayi wanne zan rubuta. Ta ce, "Duka biyun. Ni ban ga ramin ba."

Yau ina koyarwa a Kaura Namoda. Rashin tsaro ya watsa ƙauyen, wasu suna nan Kaura, wasu Shinkafi, ba mai iya zuwa ziyarar kabari. Littafin yana hannuna, bangonsa ya yi laushi kamar tsumma.

Shekarun baya ɗan yayana, wanda ya gama jami'a, ya roƙi in bar shi ya ɗauki hoton shafukan don ya karanta. Na ji daɗi, na ba shi. Ba a jima ba sai ga littafin a zauren danginmu na waya, an buga shi tsaf, da sunansa a sama: bincike da rubutawa. Na bi layi-layi. Duk wani "in ji" ya cire. Babu kakata, babu ƙaninta, babu matar liman. Inda magana ta rabu biyu, ya zaɓi ɗaya ya bari. 'Yan uwa suna ta sa masa albarka. Na ajiye wayar. Gwaggo ta yi gasa da ɗanta a bainar dangi? Na haɗiye.

Wata Asabar da safe aka yi sallama. Wani dattijo ne, dillalin shanu daga Shinkafi, furfura ta cika masa gemu, ɗan yayana na biye da shi kai a sunkuye. Ashe rubutun ya bi waya-waya har ya kai ga 'ya'yan dattijon. Shi ne jaririn nan. Ya nemo mai sunan da ke saman takarda, ya tambaye shi wa ya ga an binne uwarsa a gindin tsamiya, sai yaron ya kawo shi wurina.

"Malama," in ji shi, "ban san fuskarta ba. In dai wurin na, ina son in san wa ya gani."

Na shimfiɗa masa tabarma, na ɗauko tsohon littafin. Na karanta masa maganar mai haƙa, na karanta ta matar liman. Na ce gaskiya ba mu da tabbas. Ya ce ba komai, tsamiya da aduwa duk ƙasar Allah ce. Sai na karanta layin da ke ƙasa, wanda ɗan yayana ya zubar don ya ga ba bayanin kabari ba ne: "Ni na wanke ta. Da sabon lalle a hannunta. Kafin ta cika sai da ta ce a nuna mata ɗan, anka nuna mata. In ji kakata."

Dattijon ya rufe fuska da bakin rawaninsa. Da ya ɗago, sunan kakata ya tambaya. Ya maimaita shi sau biyu don kada ya ɓace masa, ya ce daga yau tana cikin addu'arsa tare da uwarsa.

Bayan ya tafi ɗan yayana ya ce, "Gwaggo, na ɗauka tarihi na kowa ne."

Na ce, "Matattun na kowa ne. Amma da ka cire sunanta, wa bawan Allan nan zai yi wa addu'a?"

Bai kare kansa ba. Ya zo kwana uku a jere, muka mayar da kowane "in ji" gurbinsa. A sama ya rubuta: daga bakin kakarmu da ƙaninta, rubutun gwaggo, shi kuma mai bugawa. Ya ƙara da cewa duk mai turawa ya tura da sunayen.

Sai dai bugun farkon bai dawo ba. Har yanzu yana yawo, wani ma ya goge sunan yaron ya sa nasa. A da magana takan yi rani guda kafin ta cika littafi ɗaya, yanzu kafin ka sha ruwa ta tsallaka iyaka, ba uwa ba uba. Ban san ranar da za mu koma mu tsaya a bakin maƙabartar nan ba, ban ma san ko itatuwan na tsaye ba. In wani ya turo maka jerin matattun ƙauyenmu, ka duba ƙarshen kowane layi. In babu tsohuwar, ba namu ba ne.